Ban Yi Niyya Ba, Amma Na Sani



A Jamus da Suwizalan, a watannin Mayu da Yuni manoma suke yankan ciyawar shanu na farko, kuma daidai lokacin ne barewar ƙasarsu take haihuwa. Uwar takan ɓoye ɗanta a cikin doguwar ciyawa ta tafi kiwo, sai jefi-jefi ta dawo ta shayar da shi. A makonninsa na farko, idan ya ji motsi ba ya gudu. Lafewa yake yi a ƙasa, ya yi lamo. Haka Allah ya halicce shi, kuma da wannan yake tsira daga yanyawa. To amma idan injin yanka ne ya taho, lafewar nan ita ce ajalinsa. Wani ya mutu nan take, wani a datse masa ƙafafu.

Shin manomin yana da laifi?

Zai ce bai yi niyya ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ciyawa ya je yanka, halalinsa ce, shanunsa na jira, ga hadari ya haɗo. Ba na raina wannan uzuri.

Sai dai malamanmu sun bambanta kuskure da sakaci. A Suratun Namli, tururuwa ta yi wa rundunar Annabi Sulaimanu, alaihis salam, uzuri tun kafin su iso: in sun tattake su, ba da saninsu ba ne. Ku lura fa, uzurin a kan rashin sani ya rataya. Manomin da bara ya tsinci gawa a gonarsa, bana ya shiga gonar nan a watan nan bai duba ba, me ya rage bai sani ba? Wurin da ɗan yake kwance kawai. Wannan kuwa ana iya nema.

Kuma suna nema. Tun da asuba, kafin rana ta ɗumama ƙasa, maharba da 'yan sa-kai sukan tashi ƙaramin jirgi mara matuƙi mai kyamarar da ke gane zafin jiki. In an hango ɗan, a ɗauke shi da safar hannu da dunƙulen ciyawa, don kada warin mutum ya kama shi, a sa shi a kwando a inuwa, a sake shi bayan an gama. Wanda ba shi da jirgi yana iya fara yanka daga tsakiyar gona zuwa gefe, masu iya gudu su sami mafita. Dokar Jamus ma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga wanda ya kashe irin wannan dabba ba da dalili ba. (Shi kansa manomin yana cin riba: mushe a cikin ciyawar da aka adana yana haifar da gubar da ke kashe shanu.)

Ba a ce ya bar sana'arsa ba, ba a kuma ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. In ya duba iya iyawarsa, duk da haka wani ya kuɓuce masa, a ganina wannan kuskure ne, babu zunubi.

Abin da ya tsaya min a rai, wallahi, shi ne namu na gida. Da rani ana cinna wa daji wuta don a kama gafiya. Bushiya, kunkuru, da duk abin da ba ya iya gudu, mai ashanar nan ya san suna ciki tun kafin ya ƙyasta.