Fasali a kan Taimakon Ɗan'uwa da Taimakon Aboki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ku sani ya ku ikhwan, wani almajiri daga cikinku yaz zo mini da kuka. Barayin daji sun kore su daga ƙauyensu, ya iso Gurbin Bore da mata da ɗiya, ɗan'uwansa da suke ciki ɗaya ya ba shi zaure da ɗaki, amma kullum da gori. Abokinsa na zikiri kuwa ya auna mashi gero ƙwarya biyu da dare, bai faɗa ma kowa ba. Yac ce: Malam, ashe aboki ya fi ɗan'uwa? Nic ce mashi: zauna, ka yi gaggawa.

Ku fara da hukunci. A mazhabar Imamu Malik, ciyarwar da alƙali ke tilasta ma mutum ita ce ta matarsa, da ɗiyansa ƙanana, da iyayensa biyu in matalauta ne. Ɗan'uwa ba shi ciki. Wanda ya karanta Risala ya san haka. Saboda haka ɗakin da ɗan'uwanka ya ba ka, ba alƙali ya ƙwace shi ba, tsoron yanke zumunta ne, kuma yanke zumunta zunubi ne babba. Gorinsa laifi ne, yana ɓata ladan sadaka, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma kai kana kwana ƙarƙashin rufinsa wata da watanni. Abokin ya ba da ƙwarya biyu ya koma gida ya yi barci. Wanda ya ɗauki kaya a ka shi ke nishi.

Ku dubi Shehu Usmanu, Allah ya jiƙansa. Da anka yi mashi mubaya'a a Gudu cikin 1804, ƙanensa Abdullahi na gaba, amininsa Umaru Alkammu na nan kusa. Abdullahi shi ya ja runduna a Tabkin Kwatto. Kuma shi ne cikin 1807 ransa ya ɓaci da ganin son duniya ya shiga jama'a, ya bar su ya nufi gabas, har ya kai Kano, ya wallafa ma mutanenta Liya'ul Hukkami, kana ya komo. Ɗan'uwa kan yi fushi, kan tafi, jini ya maido shi. Umaru kuwa ba jini ya ɗaure shi ba, shi ya zaɓa, ya lizimci Shehu tun zamanin yawon wa'azi, har Bello ya auri ɗiyarsa A'ishatu, abota ta koma zumunta. Haka Giɗaɗo ɗan Laima, abokin Bello, ya zama wazirinsa.

Bayan wafatin Shehu cikin 1817 sanyi ya shiga tsakanin Abdullahi da Bello. Da Kalambaina ta gagari Abdullahi, wa ya zo da dawaki? Ɗan wansa.

Aboki yana da abin da ɗan'uwa ba shi da shi. Kana faɗa mashi aibin zuciyarka, hassada ko riya ko kasalar wuridi, ba ya kai shi gaban uwarku, ba ya tuna maka ranar rabon gona, don ba ya gadonka. Ɗan'uwa kuwa yana gado in babu ɗa namiji babu uba, kuma inda gado yake Shaiɗan ba ya nisa. Ni tsoho na ga gona ɗaya ta raba gida uku.

Sai dai abota tana da ladabi. Sa'adu ɗan Rabi'u ya miƙa ma Abdurrahmani ɗan Aufu rabin dukiyarsa a Madina, shi kuwa ya yi mashi addu'a ya nemi a nuna mashi kasuwa. Kada ka nauyaya ma abokin ɗariƙa har ya riƙa sauya hanya in ya hango ka.

Almajirin nan na umurce shi ya tafi ya gai da wansa da safe kafin ya gai da ni, kwana arba'in, kada ya tanka gori. Ku kuma, daren Juma'a bayan zikiri, kowa ya zo da abin da ya sawwaƙa na hatsi, a kai shi gidan wan, a hannun wan, kada a ba baƙon a ɓoye.