Marubuci Tsakanin Tsoron Riya da Laifin Ɓoye Ilimi

Malaman Musulunci na dā sun saka rubutun kullum a babin mudawama, wato lizimtar aikin alheri ba yankewa, bisa hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha game da falalar aiki mai ɗorewa ko da kaɗan ne. An ruwaito cewa Imam Ɗabari, mai tafsiri da tarihi wanda ya rasu a Bagadaza a 923, ya shekara 40 yana rubuta warƙa 40 kowace rana, kuma ko da masu ruwaya sun yi ƙari a lissafin, girman littattafan da ya bari shaida ne cewa alƙalaminsa bai saba da hutu ba.

Wahalar tana tasowa ne ranar da takardun za su fita daga ɗaki zuwa hannun jama'a, domin a nan marubuci yake samun kansa tsakanin haɗari biyu. Na farko riya ce, wato yin aiki don mutane su gani su yaba, abin da ke rushe lada tun daga tushe. Na biyu katmul ilmi ne, wato ɓoye ilimi ga mai buƙatarsa, wanda aya ta 159 ta Suratul Baƙara ta yi kashedi mai tsanani a kansa. Imam Gazali ya ɗanɗana wannan tsaka-mai-wuya, domin a 1095 ya bar kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza bayan ya binciki zuciyarsa ya tarar da son suna da ɗaukaka a cikin niyyarsa, kamar yadda ya bayyana a Almunƙizu minad Dalal. Sai dai kujerar ya bari, bai ajiye alƙalami ba, tunda a shekarun kaɗaicin nan ne ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, kuma a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur.

Tarihin Daular Sakkwato ya ba da amsa mafi kusa da gida. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, da ransa ya ɓaci saboda son duniya da ya ga yana shiga jama'ar jihadi, ya kama hanyar gabas da nufin ƙaura, amma da ya sauka Kano mutanen garin suka roƙe shi littafin da zai shiryar da su kan shugabanci da hukunci, shi ne ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Littafin ya fito ne daga tambayar mabuƙaci, kuma wannan, a ganin mai wannan maƙala, shi ne ma'aunin da ya fi binciken zuciya amfani, domin binciken zuciya ba ya ƙarewa, sau da yawa ma kasala ce take sa rigar tawali'u ta hana mutum kammala abin da ya fara. Nana Asma'u ta bi wannan hanya da ta yi waƙoƙi da Fulfulde da Hausa, jajjoji, wato mata malamai masu zagayawa, suna kai su ga matan ƙauyuka da ake kira 'yan taru, a zamanin da yaɗa rubutu yake nufin kwafa da hannu da haddacewa.

Ɗab'i ya canza lamarin, tunda yanzu sunan marubuci yana kan bango, kuma bikin ƙaddamar da littafi, inda ake shelar kuɗin da kowane attajiri ya bayar, kan jawo taron da ya fi masu karanta littafin yawa. Shehu Abdullahi kuwa, bayan ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'wili, sai ya koma ya rubuta gajere, Kifayatu Du'afa'is Sudan, saboda ɗaliban da na farkon ya fi ƙarfinsu, alhali bai jahilci cewa babban ne zai jawo masa yabon malamai ba.