Buhun Da Ba A Taɓawa

Bayan sallar Asuba, kafin yara su farka, akwai lissafin da magidanci kan yi shi kaɗai a kan buzunsa. Kuɗin koko da ƙosai. Kuɗin laraba na malamin allo. Kuɗin wata na Islamiyya. Maganin zazzaɓin auta, domin sauron bakin kogi ba ya ɗaga ƙafa. Takalmin babban ya tsinke, jarrabawar NECO ta matso. Tun daga ragon suna aka ɗauki kayan nan, ba kuwa a saukewa sai an jera wa yarinya kayan ɗaki. Daga 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafin mai, kuɗin fetur na injin ban-ruwa da kuɗin cefane sun zama kishiyoyi a aljihu ɗaya.

A irin wannan lokaci ne Shaiɗan ke raɗa wa mutum cewa 'ya'ya asara ne. Allah kuwa ya riga shi magana. A Suratul Isra'i, aya ta 31, ya hana a salwantar da 'ya'ya don tsoron talauci, ya kuma ambaci arzikinsu kafin na iyayensu. Wa ya sani, ko lomar da ka kai baki jiya albarkacin auta ka same ta?

Dubi manomin shinkafa na fadamar Hadejia da Auyo. Idan ya casa, akwai buhun da yake jinginewa a ƙuryar ɗaki. Ko tukunya ta kwana ba wuta, ba ya kwance bakinsa, domin iri ne. Ya san kachala na toshe hanyar ruwa, ya san jan-baki na sauka a gona kamar hadari, ya ga yadda ambaliyar 2022 ta shanye gonaki. Duk da haka da lokaci ya yi sai ya yafa irin, ya yi renonsa, ya cire ya dasa, ƙafafunsa cikin taɓo har ƙwauri. Reno muke cewa ga shinkafa, reno muke cewa ga yaro. Hadisi ingantacce ya nuna cewa abin da mutum ya ciyar ga iyalinsa yana neman lada, sadaka ne a gare shi. Ashe uwar da ta sayar da akuyarta don a ƙara wa ɗanta ruwa a asibiti shuka ta yi.

Sai dai ba duk abin da ke fita daga aljihu ba ne iri. Bashin da aka ci don suna ya kece raini, alhali allon yaro ya tsage ba a sake ba, wannan watsa shinkafa ne a kan kwalta. Yau, kafin ka miƙa kuɗin cefane, gyara niyya. Ki tambayi kanki, uwargida: wanne ne na cikin yaro da karatunsa, wanne ne na idon mutane? Idan kuma akwai maraya a maƙwabta, a ƙara ludayi ɗaya a kwano.

Ya Allah, Mai ciyar da kifi a ƙarƙashin ruwa, ka hore mana halal da za mu ciyar da amanar da ka ba mu. Ka kare mu daga ƙyashin abin da muka kashe musu, ka raba mu da gasar da ba ta da lada. Ka raya mana su, su zama masu yi mana addu'a bayan an mayar da ƙasa. Amin.