Wanda ya ƙi nama da wanda nama ya ƙi

Ƴan uwa ɗalibai, shekara biyu ke nan ban sa nama a bakina ba. A resto kullum sai an tsokane ni: "Kai dai faɗi gaskiya, burs ce ba ta faɗo ba!" Nikan yi dariya, amma zolayar na da ƙashi a ciki, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin ya faro ne a wani bakans da na bi kawuna kara, muna lodin shanun da za a kai Najeriya. Rana ta take, an cusa su a kamiyo ƙaho na gugar ƙaho, babu ruwa. Wata saniya ta durƙushe, sauran na taka ta. Yaron mota ya kama wutsiyarta yana murɗawa har na ji ƙas, ta miƙe tana rawar jiki. Da dare aka kawo tsire, na kai hannu, hannun ya ƙi. Washegari ma haka. Sai daga baya na fara neman hujja, don a ƙasar nan wanda ya ce ba ya cin nama sai ya yi bayani.

Tambayar farko ta malamai ce: za ka haramta abin da Allah ya halatta? Subhanallahi, a'a. Suratul Ma'ida ta yi kashedi a kan haka, kuma na yarda nama halal ne. Amma barin abu daban, haramta shi daban. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Annabi (SAW) naman damo bai ci ba, don ransa bai so, Halidu ɗan Walidu kuwa ya ci a gabansa bai hana shi ba. Shi ne kuma ya umarci mai yanka ya wasa wuƙa, ya sauƙaƙa wa dabba. To wanda ya kula da daƙiƙar ƙarshe ta rayuwar saniya, zai yarda da kwana biyun da ta yi a kamiyo da ƙishirwa? Mun riƙe bisimillar yanka, mun saki tausayin da ke tare da ita.

Na biyu, sai a ce abin nasara ne. Gaskiya a Ingila aka ƙirƙiro kalmar "vegan" a 1944, Donald Watson da abokansa, don masu ƙin nama da nono da ƙwai baki ɗaya. Sai dai tun kafin su da ƙarnuka, Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da ya rasu a 1057, ya bar nama da kifi da madara har da zuma, don tausayin dabba. Mutanen zamaninsa sun zarge shi a kan aƙida, ni ma ba a komai nake bin sa ba. Na kawo shi ne don a san ba jiya aka fara wannan tambaya ba, kuma ba da Faransanci aka fara ta ba.

Ta uku ita ta fi ba ni wuya. A intanet za ka ga ana cewa kiwo na ɓata duniya, ana kawo rahoton FAO na 2013 da ya ce kashi 14,5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama yanayi daga dabbobin kiwo take. Lissafin duniya ne duka, har da manyan gidajen kiwo na Amurka da Barazil. Amma je ka arewacin Dakwaro ko Tanut, inda ruwan sama bai isa hatsi ya nuna ba. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta bar wa makiyaya arewa. Can saniya da raƙumi ne ke maida ciyawa abinci. In ce wa Bafillace ko Buzu ya bar kiwo, ya ci me? Ga mahauta, ga masu kilishi, ga majema da dukawa masu aikin fatar jar akuyar Maraɗi. Kuɗin da ya sayo min littattafai ma, rabinsa daga kara ya fito. Don haka ba na yi wa kowa wa'azi.

Mu koma kan zolayar resto. A ƙauyukanmu mutum nawa ne ke wata guda bai ga tsoka a miya ba? Tuwon hatsi, miyar kuka, daddawa, shi ke nan. Wannan nama ne ya ƙi shi. Mu da muka taso muna jin labarin yunwar 2005 da yaran da aka kwantar a Maraɗi, bai kamace mu mu yi alfahari da ƙin abinci ba. Ni na iya zaɓa don ni babba ne, ina da lafiya, da dala ashirin ina samun awara ko ƙosai, ga shinkafa da wake, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Kuma ina shan fura da nono, ina cin ƙwai, don bitamin B12 ba a samun sa a ganye da hatsi. Mai ciki ko yaro ƙarami, wallahi ba zan ce ya bi ni ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gida, ranar layya. An gicciye raguna a jikin itace an kewaye wuta da su, Inna ta soya kayan ciki, ta zaɓo min hanta kamar yadda ta saba tun ina yaro. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ta ce, "Ɗan nan, ciwo gare ka kake ɓoye min? Ko hannuna ne ka daina ci?" Duk falsafar da na karanta a tarminal ba ta ba ni amsa ba. Na gane a wurinta hantar nan ƙauna ce, ni kuma na maido mata da ita. Rannan ba ta ƙara yi min magana ba.

Bana na canza dabara. Ni na ɗauki kiwon ragon: dusa, harawa, ruwa, inuwa. Ni na wasa wa Baba wuƙa, na kai ragon bayan ɗaki don kada ɗan uwansa ya gani. Washegari da aka yi rabo na ce a ba ni kasona, na kai wa wata tsohuwa a unguwarmu mai riƙon jikoki huɗu. Inna ba ta ce komai ba, amma da dare na tarar ta ajiye min ɗan wake da mai da yaji. Har yanzu takan ce wa maƙwabta, "Wannan nawa sai addu'a."

Ban ce ku bar nama ba. Abin da nake roƙo, in an ajiye muku tsire, ku tambayi kanku yadda dabbar ta iso, kuma in kun ga ana murɗe wutsiyar saniya a tasha ku buɗe baki, don ni rannan shiru na yi. Wanda ke da ja, ya rubuto a fitowa ta gaba, zan karanta.