Furen Kuɓewa a Ranar Lumshi

Yawancinmu mun ɗauka sai rana ta take ake samun hoto mai kyau. Da gari ya yi lumshi, kamar yadda yakan wuni a watan Agusta lokacin marka, sai a mayar da waya aljihu, a ce ai babu haske. Alhali mai son ɗaukar fure kusa da kusa, ranar da ya kamata ya fito ke nan.

Dubi furen kuɓewar da ake shukawa a bayan gida. Falle biyar ne da shi, ruwan ɗorawa mai haske, can tsakiya kuma ja ne mai duhu, daga nan wani ɗan tsinke ya fito ɗauke da garin da ƙudan zuma ke bi. Idan rana ta dake shi, kyamara takan rasa yadda za ta yi, domin ba ta iya haɗa tsananin haske da duhun inuwa a hoto guda kamar yadda idon mutum yake yi. Ko dai fallayen su fito fari fat, ko tsakiyar ta koma baƙin rami. Girgije kuwa tace hasken yake yi, ya watsa shi ta ko'ina, inuwa ta yi laushi. A nan ne za ka ga siraran jijiyoyin da suka ratsa kowane falle, da yadda jan ya ɗan malala cikin ɗorawar, da ɗigon yayyafin da ya maƙale a gefe bai faɗi ba. Har ƙananan gashin da ke jikin kara sai su fito ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai lumshi yana da nasa sharaɗi. Tunda haske ya yi ƙaranci, kyamara takan bar ƙofarta a buɗe ta ɗan daɗe. Abin da take ɗauka cikin kashi 1 bisa 1000 na sakan a rana, a lumshi yana iya kai ta kashi 1 bisa 30, kuma wannan ɗan lokacin ya isa rawar hannu ko kaɗawar iska ta sa hoto ya yi dishi-dishi. Ga shi idan ka matso sosai, wurin da zai fito tar ɗan kaɗan ne: ka saita tsakiyar fure, bakinsa ya dushe. Dole ka durƙusa, ka dafe gwiwar hannu a cinya, ka taɓa fuskar wayar daidai inda kake so, ka riƙe numfashi, ka jira iska ta lafa. Kada ka kunna fitilar kyamara don gaggawa, za ta dawo maka da matsalar da girgijen ya raba ka da ita.

Ni dai wannan yakan tuna min yadda muke auna mutane. Ranar biki ko ranar naɗi muke kallonsu, lokacin da ƙyalli ya rufe komai, sai mu yanke hukunci. Haƙurin mutum da amanarsa da tausayinsa, a ranakun da babu kiɗa babu taro suke bayyana, kuma sai wanda ya natsu ya zauna kusa yake ganinsu. Mun fi son abin da zai ɗauke ido nan take, shi ya sa da yawa masu kirki suke wuce mu a gidajenmu ba mu lura ba.

Wanda zai gwada ɗaukar hoton ya yi sammako. Furen kuɓewa yini ɗaya yake yi: ya buɗe da safe, rana na karkatawa ya fara naɗewa, daga baya ya faɗi ya bar ɗan ƙaramin ɗa a gurbinsa. Idan akwai yakuwa ko rama ko auduga a kusa, a leƙa su ma, dangi ɗaya ne da kuɓewa, furanninsu na kama da juna. Na auduga ma yakan buɗe fari-fari, washegari a tarar ya rine ya koma ja-ja, don haka a koma masa sau biyu.