Tukunyar da ke kwana a wuta

Daga cikin hukunce-hukuncen Attaura da suka fi shiga madafin Yahudawa akwai hani ga kunna wuta ranar Asabar, wadda a lissafinsu take kamawa tun faɗuwar ranar Juma'a. Wannan hani ya haifar da mas'ala mai zurfi: shin wutar da aka hura kafin lokaci ya shiga, ta ci gaba da ci ita kaɗai, aikin mai ita ce, ko kuwa ta fita daga hannunsa?

Ƙara'iyawan farko, wani ɓangare na Yahudawa da suka tsaya ga zahirin nassi, sun haramta ta, har sukan kwana cikin duhu su ci abinci mai sanyi. Jumhurin malaman Yahudawa kuwa sun halatta, bisa hujjar cewa abin da aka hana shi ne fi'ilin ɗan Adam a ranar, kuma ni a ganina fahimtarsu ta fi dacewa da hikimar hutun, domin ba a shar'anta shi don ƙuntata wa iyali ba.

A kan wannan fatawa Yahudawan Maroko suka gina abincin da ake kira dafina, wato abin da aka binne, a Larabce. A da, uwargida takan zuba nama da wake da alkama da dankali, ta jera ƙwai da ɓawonsu, ta toshe bakin tukunyar, a kai gidan mai gasa gurasa kafin magariba, ta kwana cikin garwashi, sai an taso daga majami'a a buɗe ta, ƙwan nan ya rine ya yi ja.