Awaki Nawa Ne Kuɗin Digirin Siyasa?

A Gidan Amumune, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Mayahi a jihar Maraɗi, ana auna dukiya da damman geron da ke rumbu, da buhunan wake, da jajayen awakin da ke turke. Saboda haka idan yaro ya samu bakaloreya, ya ce zai tafi Yamai ya karanci kimiyyar siyasa a Jami'ar Abdou Moumouni, tambayar da mahaifinsa zai yi ba ta jahilci ba ce: yaushe wannan karatu zai mayar da abin da ya ci?

Abin da zai ci kuwa ba kaɗan ba ne, duk da cewa jami'ar ta gwamnati ce. Tafiyar ta haura kilomita 700. Ga ɗaki, ga abinci, ga kuɗin kwafin darussa, ga tallafin ɗalibai da ya sha makara har ya fitar da su kan titi. A takarda shekara uku ce kafin lisansi, amma yajin aiki da cunkoso sun sha tsawaita ta. Mafi tsada duka shi ne ci-ranin da yaron bai je ba, domin sa'ansa da ya nufi Kano ko Agadas bayan girbi yana aiko wa gida da abin cefane, shi kuwa gida ne ke aika masa.

To, wa zai sayi wannan ilimi in an gama? Likita yana iya buɗe ɗakin shan magani, wanda ya karanci noma yana iya komawa gona, amma masanin siyasa kusan mai saye ɗaya gare shi, wato hukuma da masu aiki a gefenta. Tun shekarun 1980, lokacin tsuke bakin aljihu, gwamnatin Nijar ta daina ɗaukar duk wanda ya fito jami'a. Abin da ke jiransa shi ne shekara biyu na yi wa ƙasa hidima, sannan jarrabawar neman gurbi da dubbai ke rububi, ko koyarwa a matsayin malamin kwantiragi. Bugu da ƙari, farashin takardarsa yana hawa da sauka tare da abin da ya karanta. Ya hau bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, da jam'iyyu suka yawaita. Ya ƙara hawa a 2004, da aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi, ƙungiyoyin agaji suka shiga neman masu horar da kansiloli. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuwa, wasu masu ba da tallafi suka janye, aka rushe waɗannan majalisu a 2024, aka rushe jam'iyyu a 2025. In da kuɗi kawai za a auna, uban yaron yana da gaskiya.

Masu cewa ba don kuɗi ake neman ilimi ba, galibinsu masu albashi ne, kuma bai kyautu mai albashi ya yi wa wanda ya sayar da akuyarsa wa'azin gudun duniya ba. Sai dai akwai wani kuskuren a ɗaya gefen, shi ne ɗaukar farashi a matsayin daraja. Matsalolin da ke hana mutanen kwarin Gulbin Kaba barci na siyasa ne tsantsa: wa ke da gona in gado ya tsage ta gida goma, ina burtali ya bi, ina harajin kasuwa ya shiga, wa ke rubuta sunayen mabuƙata idan hatsin agaji ya zo, kamar a yunwar 2005. A Toda, cikin jihar Maraɗin nan, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari a 1991. Dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ta kafa ba su aiki da kansu, sai da mutanen da suka san inda ikon sarki ya tsaya da inda na hukuma ya fara. Binciken da cibiyar LASDEL ke yi a Yamai tun 2001, wadda masanin siyasa Mahaman Tidjani Alou yake cikin waɗanda suka kafa ta, ya nuna tazarar da ke tsakanin doka a rubuce da yadda ake yi a ofis da asibiti, kuma talaka ne ke faɗawa cikin wannan tazara.

Ashe irin wannan ilimi rijiya ce. Gari duka ke sha, amma an bar gida ɗaya da haƙa. Mutanen karkara sun daɗe da sanin cewa aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya gayya ake kira masa, kuma jami'ar gwamnati gayya ce da ake yi da harajin kowa, har da na mai sayar da tabarmar kaba a kasuwar Mayahi. Idan hukuma ta horar da yaro sannan ta bar ƙananan hukumomi babu ƙwararru, shi kuma yana zaman kashe wando a Yamai, ta ci bashin mahaifinsa ba ta biya ba.

Shi ma yaron akwai bashi a kansa, kuma nasa ya fi wuyar kaucewa. Da Faransanci ya karanci kasafin kuɗi da tsarin mulki, waɗanda suka ciyar da shi kuwa Hausa suke ji. Ranar da ya dawo hutu, dattawa za su zauna a inuwar gawo su tambaye shi dalilin da ya sa aka karɓi haraji bana amma ba a gyara famfon gari ba, da ofishin da ya kamata su kai kuka, da takardar da za su riƙa. Mahaifinsa yana cikinsu, yana saurare, yana kuma tuna adadin awakin da suka bar turke.